BABI NA BIYU: TARIHIN MADUBIN LIKITA DA INJIN JUYI A ƘASAR HAUSA, DAGA ANCHAU ZUWA KARAYE

2.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai waiwayi tarihin wasu na'urori guda biyu waɗanda ilimin halittu ya dogara da su wajen sanin ƙwayar halitta, wato ɗan ƙanƙanen tubalin nan da aka gina jikin mutum da na dabba da na tsiro da shi. Na'ura ta farko ita ce madubin likita, wanda ke ƙara wa abu girma har ido ya iya ganinsa. Ta biyu kuwa ita ce injin juyi, wanda ke wurwura kwalabe da matuƙar sauri domin abin da ya fi nauyi ya kwanta a ƙasa, marar nauyi ya tsaya a sama. Da madubi ake ganin siffar ƙwaya, da injin juyi ake rarrabe sassanta a auna aikin kowane sashe.

A ƙasashen Turai son sani ne ya fara kai mutane ga madubi, sai daga baya likitoci suka ga amfaninsa. A ƙasar Hausa kuwa annoba ce ta shigo da shi, kuma ya daɗe yana yawo ƙauye-ƙauye a kan 'yan dako kafin ya sami gurbi a makarantun sakandare. Wannan bambanci shi ya sa har yau mutumin Karaye ko Rogo in ya ji an ambaci madubi, gwajin jini da fitsari da majina ke faɗo masa a rai. Babin zai bi wannan tarihi domin a ga yadda buƙatar da ta taso a bakin rafukan Arewa ta haɗu da binciken da ake yi a manyan ɗakunan gwaje-gwaje na duniya.

2.1 Asalin Madubi

Masana sukan fara wannan tarihi daga Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manaziri a Misira a farkon ƙarni na 11, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi nazarin yadda haske ke karkata idan ya ratsa gilashi ko ruwa. Sai dai madubin kansa bai bayyana ba sai wajen shekarar 1600 a ƙasar Holan. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba siririn yankin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga an jera wasu 'yan ɗakuna kamar saƙar zuma, shi ne ya raɗa musu sunan da Turawa ke kiran ƙwayar halitta da shi har yanzu. A 1674 wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft mai suna Antonie van Leeuwenhoek, da madubin da ya goge gilashinsa da hannunsa, ya ga halittu suna iyo a cikin ɗigon ruwan tafki, ya kuma siffanta jajayen ƙwayoyin jini. Sai da aka shafe fiye da shekara 160 kafin Schleiden a 1838 da Schwann a 1839 su fito da ra'in cewa duk tsiro da dabba da ƙwayoyi aka gina su.

Abin da ya fi shafar wannan bincike shi ne aikin Ernst Abbe a kamfanin Zeiss na Jamus. A 1873 ya nuna cewa madubin da ke aiki da haske yana da iyakar da ba zai wuce ba, komai gwanintar maƙerinsa. Iyakar ita ce kimanin maikuromita 0.2, maikuromita kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jini faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, saboda haka ana ganinta sarai, amma yawancin abin da ke cikin cikin ƙwaya ya fi ƙarfin wannan madubi. Duk da haka iyakar ta wadatar wajen farautar ƙwayoyin cuta. A 1880 Laveran, likitan sojan Faransa a garin Kustantina na Aljeriya, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja. A 1882 Koch ya gano ƙwayar tarin fuka. A 1897 Ross ya ga ƙwayar zazzaɓin a cikin sauro a Indiya, sannan a 1904 Giemsa ya kyautata rinin da ake rina jini da shi, wanda ke sa jikin ƙwayar ya yi shuɗi, cibiyarta ta yi ja. Da rinin Giemsa ake aiki har gobe a asibitocin Kano.

2.2 Ciwon Barci da Shigowar Madubi Arewa

Ciwon barci tsohon ciwo ne a Afirka ta Yamma. Ibn Khaldun ya ruwaito cewa shi ne ajalin Mari Jata, sarkin Mali, wajen shekarar 1373, bayan ya yi shekara biyu yana fama da shi. Makiyaya kuma sun san sammore a shanunsu, sun san cewa kurmin da ke da ƙudan tsando ba wurin kiwo ba ne, tun kafin wani Bature ya faɗa musu. Abin da ba a sani ba shi ne halittar da ke tsakanin ƙudan da ciwon. David Bruce ya gan ta a jinin shanu a ƙasar Zulu a 1895. A 1901 likita Forde ya ga irinta a jinin wani matuƙin jirgin ruwa a Gambiya, Dutton ya tabbatar da ita a 1902. Ƙwaya ce guda ɗaya tal, doguwa mai wutsiya, tsawonta maikuromita 15 zuwa 30, tana mutsu-mutsu tsakanin jajayen ƙwayoyi kamar tarwaɗa a cikin taɓo. Ya kamata a lura da yadda Castellani ya gano ta a cikin ruwan laka na masu ciwon barci a Yuganda, abin da ya bayyana a 1903: sai da ya juya ruwan a inji, ya ɗebo abin da ya kwanta, sannan ya duba. Ke nan tun ranar farko madubi da injin juyi tare suka kama aiki a kan wannan ciwo.

A wannan shekara ta 1903 ce Turawa suka ci Kano. Cikin shekara ashirin da suka biyo baya ƙasa ta canza. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikata suka yi ta tururuwa zuwa haƙar kuza a Jos, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka bazu cikin daji suna kafa ƙauyuka a bakin rafuka. A.J. Duggan, wanda ya rubuta tarihin ciwon a Arewa a 1962, ya danganta yaɗuwarsa da wannan zirga-zirga. John Ford kuwa a littafinsa na 1971 ya ƙara da cewa mulkin mallaka ne ya rushe wani daidaito da jama'a suka daɗe da ƙullawa tsakaninsu da daji. Ra'ayin Ford yana da ƙarfi idan aka dubi karkarar Kano, inda yawan jama'a da noma ba hutu suka share dajin da ƙudan ke fakewa. Inda abin ya fi muni shi ne lardunan Zazzau da Filato da Neja da Binuwai, da gefen kudu na Kano da Katsina, wato inda rafuka ke da duhuwar itatuwa. Karaye da Rogo suna wannan kusurwa ta kudu maso yammacin Kano, inda iyakarta ta haɗu da ta Katsina da ta Zazzau, kogin Challawa kuma ya ratsa ƙasar.

Tun daga 1921 gwamnati ta kafa binciken ƙudan tsando a ƙarƙashin Lloyd da Johnson, wanda ya zauna a Sherifuri sannan a Gadau, a ƙasar Katagum. Daga farkon shekarun 1930 sai aikin ya koma na bin jama'a gari-gari a ƙarƙashin likita H.M.O. Lester, bisa salon da Eugène Jamot ya yi amfani da shi a Kamaru. Yadda ake yi shi ne, hakimi ya aika wa dagatai, dagatai su tara talakawa maza da mata da yara a rana ɗaya. Ma'aikaci ya bi sahu yana shafa bayan wuyan kowa yana neman kaluluwa. Wanda aka samu da ita sai a ware shi, a soka allura a cikin kaluluwar, a tsotso ɗan ruwa, a ɗiga a kan falle na gilashi, a rufe da wani siririn gilashi, a miƙa wa mai duba. Mai duba yana zaune a inuwa, ya karkata ɗan madubin da ke ƙasan na'urar domin ya kamo hasken rana, tunda babu lantarki. Ba a rina wannan ruwa, motsin ƙwayar ne ke tona asirinta. Wanda aka ga ƙwaya a jikinsa sai a rubuta sunansa, a yi masa jerin allurai na maganin Bayer 205 da na tiriparsamaid. Wannan na biyun yana da sinadarin asanik, kuma yakan taɓa jijiyar ido har wasu su makance. Wato abin da mai duba ya ce ya gani cikin minti biyu ko uku yana iya zama dalilin rayuwar mutum, yana kuma iya zama dalilin rasa ganinsa.

Alƙaluman da Duggan ya kawo sun nuna cewa tsakanin 1931 da 1940 an duba mutum fiye da miliyan 3, an sami kusan 400,000 da ciwon. Likitocin Turawa 'yan ƙalilan ne, ba za su iya wannan aiki su kaɗai ba. Samarin ƙasa da aka koya wa duba su ne suka yini a sunkuye a kan madubi. Rahotanni sun cika da sunayen shugabannin aiki, su kuwa waɗannan samari adadinsu kawai akan ambata, alhali suna cikin rukunin farko na 'yan Arewa da suka ga ƙwayar halitta mai rai da idonsu, kuma daga cikin irinsu ne aikin ɗakin gwaji ya samo tushe a wannan yanki.

A 1937 aka yi dokar ciwon barci wadda ta tilasta wa jama'a zuwa gwaji da sassabe bakin rafi. A daidai wannan lokaci aka fara shirin Anchau a gabashin Zazzau, wanda T.A.M. Nash ya yi fice a cikinsa. An sassabe rafukan wani zirin ƙasa mai kimanin murabba'in mil 700, aka tashi ƙananan ƙauyuka aka haɗa su, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ne ya tashi da son ransa ba, aikin sassabe kuma na tilas ne. Duk da haka ciwon ya ja baya ƙwarai.

2.3 Inda Ido ya Gaza

Tun a wancan lokaci masu aikin sun san raunin hanyarsu. Ƙwayar ciwon barci irin ta Afirka ta Yamma ba ta da yawa a jini, kuma yawanta hawa yake yi yana sauka. Mutum yana iya zuwa gwaji ranar da ta yi ƙaranci, a duba ɗigo ɗaya ba a ga kome ba, a sallame shi ya koma bakin rafi, ƙuda ya cije shi ya kai wa wani. Ƙara wa madubi ƙarfi ba zai magance wannan ba, domin matsalar ta ƙarancin abin da ake nema ce a cikin ɗigon. Maganinta shi ne a tattaro ƙwayoyin da ke warwatse cikin jini mai yawa a tara su wuri ɗaya. A nan ne tarihin Arewa ya haɗu da wani reshe na ilimin halittu da ke tasowa a Turai da Amurka, wato fasa ƙwaya da rarrabe sassanta.

Hikimar wannan aiki ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya ga ana yin koko. Akan jiƙa gero, a markaɗa, a tace a fitar da dusa, a bar ƙullun ya kwana, gasara ta kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Bambancin kawai shi ne, sassan ƙwaya sun yi ƙanƙantar da ko an bar su wata guda ba za su kwanta ba, sai an ninka musu ƙarfin jan ƙasa da inji. Friedrich Miescher ya ware cibiyoyin fararen ƙwayoyi daga mugunyar bandejin asibiti a 1869, a nan ya ci karo da sinadarin gado da ake kira DNA a yau. Svedberg na Suwidin ya ƙera injin juyi mai tsananin gudu a shekarun 1920, ya sami kyautar Nobel a 1926. Amma wanda ya mai da abin tsararriyar hanya shi ne Albert Claude, ɗan Beljiyam da ke aiki a cibiyar Rockefeller ta New York, daga shekarun 1930 zuwa 1946.

Yadda hanyar ta daidaita bayan gyaran da Hogeboom da Schneider da Palade suka yi a 1948 shi ne kamar haka. A ɗauki hantar ɓera a markaɗa ta a hankali cikin ruwan sukari mai sanyi. Sanyin yana hana sassan ruɓewa, sukarin kuma yana hana su kumbura su fashe. A fara juyawa da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 600 zuwa 1,000 na minti goma, cibiyoyin ƙwaya su kwanta. A tsiyaye ruwan sama a sake juya shi da ƙarfi sau 10,000 zuwa 20,000, maitokondiriya su kwanta. A sake tsiyayewa a juya da ƙarfi sau 100,000 na awa guda, gutsattsarin tantani da raibosom su kwanta. Kowane kaso sai a auna irin aikin da yake iya yi. Ta haka ne Kennedy da Lehninger suka nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa a cikin maitokondiriya ake ƙona abinci a fitar da ƙarfi.

Labarin Christian de Duve na Jami'ar Louvain ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa injin juyi kan riga madubi gani. A 1949 yana auna wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta narkar da abu, sai ya ga aikinsa ya yi ƙasa ƙwarai a sabon kason da aka ware. Aka ajiye kason a firji, bayan kwana biyar aka sake aunawa, sai aka ga aikin ya ninka. Wani zai ce awon farko ne bai yi daidai ba, ya wuce. De Duve kuwa ya yi tunanin cewa inzayim ɗin a ƙulle yake cikin wata jaka, kuma ajiyar ce ta fasa jakar. A 1955 ya raɗa wa jakar suna laisosom tun bai gan ta ba. Sai daga baya aka ɗauki hotonta da madubin lantarki, wanda Knoll da Ruska suka fara ƙerawa a Jamus a 1931, wanda kuma ya tsallake iyakar Abbe saboda ba da haske yake aiki ba. A 1974 aka ba Claude da de Duve da Palade kyautar Nobel tare.

2.4 Gudummawar Kaduna

A 1951 aka buɗe Cibiyar Binciken Sammore da Ciwon Barci ta Afirka ta Yamma, hedikwatarta a Kaduna, reshenta a Vom. H.W. Mulligan ne shugabanta na farko, Nash ya gaje shi, a 1964 kuma ta koma hannun Nijeriya ita kaɗai. Masu bincike a wannan fage suna fuskantar matsala iri ɗaya da ta masu duba a ƙauye, sai dai ta wata fuska. Ba za a iya markaɗa ƙwayar sammore a rarrabe sassanta ba muddin tana cakuɗe da ƙwayoyin jini, waɗanda suka ninka ta yawa nesa ba kusa ba.

An sami mafita biyu kusan lokaci ɗaya. A 1970 P.T.K. Woo ya bayyana hanyar zuba jini a siririn bututun gilashi, a toshe bakinsa, a juya shi na kimanin minti biyar. Jajayen ƙwayoyi su taru a ƙasa, ruwan jini a sama, farare su yi ɗan zobe a tsakani, ƙwayoyin cutar kuma su taru a daidai wannan zobe, sai a ɗora bututun a ƙarƙashin madubi a duba wurin kawai. Da irin wannan inji da bututu ake auna ƙarancin jini a asibiti, abin da masu juna biyu da masu amosanin jini suka sani sosai. Mafita ta biyu ta fito daga Sheila Lanham, wadda ta fara bayyana ta a 1968, sannan ita da D.G. Godfrey, wanda ya yi shekaru yana aiki a cibiyar Kaduna, suka cika ta a 1970. Sun lura cewa fatar ƙwayoyin jini ta fi ta ƙwayar cutar ɗaukar cajin lantarki. Idan aka zuba jini ta cikin bututun da aka cika da wani gari mai kishiyar wannan caji, sai ƙwayoyin jini su manne, ƙwayoyin cutar su zubo ta ƙasa su kaɗai, da ransu. Wannan rairaya ce da ba ta dogara da girma ko nauyi ba.

Hanyar Lanham da Godfrey ta zama abin yau da kullum a duk ɗakin gwajin da ke nazarin wannan halitta, kuma ta buɗe ƙofofi. A.R. Gray ya riga ya nuna a cibiyar Nijeriya cikin shekarun 1960 yadda ƙwayar ke sauya kamanni bi da bi don ta kuɓuce wa garkuwar jiki. A 1969 Keith Vickerman ya ga wata riga mai kauri a jikinta da madubin lantarki, a 1975 George Cross ya ware furotin ɗin da aka saƙa rigar da shi. Wannan ya bayyana hawa da saukar da ke ruɗa masu duba tun zamanin Lester: jiki ya kashe masu riga iri ɗaya, 'yan kaɗan da suka canza riga su hayayyafa. Shi ne kuma dalilin da ya sa har yau ba a sami allurar rigakafin ciwon ba. A 1977 Opperdoes da Borst a Amsterdam suka markaɗa ƙwayar suka rarrabe ta bisa tafarkin de Duve, suka tarar yawancin inzayim ɗin da take narkar da sukari da su a ƙulle suke cikin wata jaka ta musamman, alhali a jikin mutum a sake suke cikin ruwan ƙwaya. Suka kira jakar gilaikosom. A 1979 Lumsden da abokan aikinsa suka ƙanƙanta bututun Lanham ya zama kayan gwajin marasa lafiya a karkara, wato dabarar ta koma inda buƙatarta ta fara tasowa.

2.5 Garki da Malumfashi

Wani babban aiki da aka yi da madubi a tsohuwar Jihar Kano shi ne na Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka bi mutanen wasu ƙauyuka suna ɗibar jininsu duk mako goma, ana duba fage 200 a kowane gilashi. A 1972 da 1973 aka yi feshin maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba magani ga kowa. Ƙwayar zazzaɓi ta ragu ƙwarai a jinin mutane, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Molineaux da Gramiccia suka buga sakamakon a 1980, kuma har yanzu masu lissafin yaɗuwar cuta suna komawa ga waɗannan alƙaluma, waɗanda asalinsu ƙidayar ido ce.

Wanda ya fi kusa da Karaye da Rogo shi ne binciken Malumfashi, a maƙwabciyar ƙasar Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka gudanar a shekarun 1970. Pugh da Gilles da abokan aikinsu sun duba fitsarin jama'a suna ƙidaya ƙwan tsutsar tsargiya, suka kuma lura da masu shiga ruwa a dam ɗin Ruwan Sanyi. Sun nuna cewa yara maza ne suka fi ɗauke da ƙwan, kuma a 1980 suka ja hankali cewa ƙananan madatsun ruwa da ake ta ginawa suna ƙara yaɗa ciwon.

2.6 Karaye da Rogo Bayan Dam ɗin Challawa

Wannan jan hankali ya shafi ƙasar Karaye kai tsaye. An gama dam ɗin Tiga a 1974, sannan a 1992 aka gama na Challawa a cikin Ƙaramar Hukumar Karaye, mai tsawon kusan kilomita 8, wanda ke iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Dam ya kawo su da noman rani, waɗannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Amma ruwan da ba ya ƙafewa da rani shi ne mazaunin dodon koɗin da tsutsar tsargiya ke girma a cikinsa, kwatamin fadama kuma wurin hayayyafar sauro ne. A wurare da dama akan ɗauki fitsarin jini a yaro namiji a matsayin alamar girma, ba a kai shi asibiti. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A karɓi fitsari mililita 10 tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ƙwan ya fi fita, a juya shi a inji ko a tace, a duba abin da ya kwanta. Ƙwan, wanda Theodor Bilharz ya gano tsutsarsa a Alƙahira a 1851, yana da ƙaya a ƙarshensa, ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa ganinsa. Hatta injin da ake juyawa da hannu ya isa wannan aiki.

Ciwon barci da ya kawo madubi ya ja baya a duniya, har adadin waɗanda aka samu da shi ya sauka ƙasa da 1,000 a 2018. Sammore kuwa yana nan a shanu, kuma da bututun Woo ake nemansa. Ta fuskar zazzaɓi, a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da magani sai an tabbatar da ƙwayar, kuma abin da ya sa shawarar ta yiwu a karkara shi ne ɗan katin gwaji na gaggawa, wanda ba ya buƙatar lantarki ko doguwar koyo. A shekarar ce kuma ta amince da na'urar GeneXpert don gwajin tarin fuka, wadda ta fi duban majina da madubi kaifi, tunda madubi ba ya kama ƙwayar sai ta kai dubu biyar zuwa goma a mililita ɗaya.

Waɗannan ci gaba ne na gaske, sai dai akwai abin da katin ba ya yi. Ba ya faɗin yawan ƙwayar da ke jini, wanda da shi ake sanin tsananin ciwon yaro da kuma ko magani yana ci. Yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke, saboda furotin ɗin da yake nema yana daɗewa a jini. An kuma sami ƙwayoyin da suka daina yin wannan furotin gaba ɗaya, aka fara ba da rahotonsu daga Peru a 2010, har ƙasar Eritiriya ta canza irin katin da take amfani da shi a 2016. Da madubi aka gane cewa katin yana kuskure a waɗannan wurare. Gwanin duba kuwa ba a samunsa sai da yawan dubawa, idonsa yakan dushe idan ya daɗe bai ga gilashi ba, kamar yadda tilawa ke zubewa idan aka bar ta. A makarantu da dama na karkara ɗalibi yakan zana ƙwayar halitta daga allo, ya haddace sunayen sassanta, ya ci jarrabawa, bai taɓa ɗora fatar albasa a ƙarƙashin madubi ba. Babi na uku zai duba yawan madubai da injinan juyi da ke aiki a cibiyoyin lafiya da makarantun sakandare na Karaye da Rogo, da irin horon da masu riƙe da su suka samu.